Suna Uku a Gefen Zane

Shekara talatin da ɗoriya
ina auna yadi a Tsohuwar Kasuwa,
rumfa ta huɗu daga masu goro.
In mata suka ce Holandis suke so
sai in miƙa hannu saman kanta
in sauko da mai tsadar.
Ban taɓa kawowa a raina ba
cewa bayan wannan suna akwai mai tari,
akwai mai gudun mai bin bashi,
akwai tsohuwar da gwiwa ta hana barci.
Ni dai Holan zane ce
wadda ba ta zuba a wanki.

Sai Haulatu, autata, ta tafi can karatun ruwa,
tun shekarar da kwari ya cinye mana katanga a Bolari
ta rantse sai ta san inda ruwa ke jin magana.
Daren Juma'a ta kira, murya na yankewa.
Na ce, yaya Holan?
Ta ce, Baba, ba a Holan nake ba.
Gabana ya faɗi.
Ta yi dariya: Holan yanki ne kawai,
lardi biyu cikin goma sha biyu,
kamar a kira duk ɗan Arewa Bakano.
An ce ma'anarta ƙasar itace,
ga shi itacen ya tafi, sunan ya zauna.

To su me suke ce wa kansu?
Nedalan, in ji ta, wato ƙasar da ke ƙasa.
Teku na bisa, gari na gindinsa,
sun yi masa ganuwa suna kwana a bayanta.
Na ce, ashe 'yan uwa ne.
Mu ma a kwano muke zaune,
in hadari ya sauke a Tumfure
mu ne masu kwashe tabarmi.

Akwai na uku, Baba. Dac.
Ingilishi ne suka riƙe musu shi,
su ba sa kiran kansu haka.
Tsohuwar kalma ce, tana nufin jama'a,
maganar mutane, ta kasuwa da bakin murhu,
ba ta malamai masu manyan littattafai ba.
Jamusawa ma da ita suke kiran kansu,
shi ya sa baƙo ke rikicewa.
Nan katinta ya ƙare.

Na zauna da wayar a hannu.
Jama'a.
Duk wannan nisa, jirgi biyu da na ƙasa,
a je a tarar sunansu mutane.

Da safe na ba Malam Gimba labari,
maƙwabcina mai maɓalli da zare.
Bai ɗago kai daga lissafi ba.
Ya ce, shekara nawa kana ce mini Batere?
A Zambuk mu Nyimatli ne.
Ka taɓa tambaya?
Ban taɓa ba.
Na tuna kakata, in an ce mata Bafillatana
sai ta gyara zama ta ce Pullo,
ni kuma da ban ji Fulfulde ba
ta ce na zama Kaɗo a cinyarta.

Sunan da ka zo da shi yana gida,
wanda maƙwabci ya yanka maka shi ke yawo,
kamar rigar aro, ta matse a hammata,
amma da ita aka san ka a hanya.

Wani makon na tambayi Haulatu,
ke fa, me suke ce miki?
Ta ce, masu ƙoƙari su ce Hola,
sauran su ce 'yar Afirka.
Gombe ba ta hau bakinsu ba tukuna.

Yau wata amarya ta zo da uwarta.
Holandis, suka ce.
Na buɗe baki zan gyara musu,
sai na ga rana ta yi, ga ciniki.
Na sauko da shuɗin,
na juya gefensa inda aka buga rubutu,
na shafa da yatsa kafin in naɗe.